Kafin a Biya Kuɗin Ɗaki a Bakin Teku

Jihar Kaduna ba ta da teku. Magidancin Sabon Tasha da ya ƙudura zai kai iyalinsa su ga inda ƙasa ta ƙare ruwa ya fara, tafiyar fiye da kilomita 800 ce a gabansa. Ko dai ya shiga motar Legas daga tashar Mando ko ta Television, ko kuma ya bi hanyar Kachia zuwa Kafanchan, ya faɗa Akwanga da Lafiya da Makurɗi, ya gangara ta Ogoja da Ikom har Kalaba. Kudancin Kaduna ya daɗe da sanin hanyar teku, domin Kafanchan kanta ta girma ne a matsayin mahaɗar jirgin ƙasa tun shekarun 1920, lokacin da layin Fatakwal ya ratso ta wajen. Yau jirgin ba abin dogaro ba ne, mota ce ta rage, kuma kuɗin motar ya ninka tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023. Duk da haka ana tafiya. Malaman makaranta suna zuba adashe saboda ita, ƙungiyoyin matasa na coci suna shirya ta, ango da amarya suna sa ta a lissafin biki.

Da zarar an gama maganar mota, tambaya ɗaya ke raba kan mutane: ina za a kwana? Wasu sun ce a sauka gidan ɗan'uwa, ai zumunta a ƙafa take. Wasu sun ce a nemi ɗaki mafi araha, tunda barci kawai za a yi a ciki. Wasu kuma sun ce a rufe ido a biya mai tsada, a sayi kwanciyar hankali. Matsayin wannan sharhi shi ne dukkan ɓangarorin uku sun bar jaki suna dukan taiki. Farashi, babba ko ƙarami, ba ya zama shaidar tsafta. Masaukin da ya cancanci kuɗin iyali shi ne wanda wani amintacce ya shiga da ƙafarsa, ya murɗa famfo ya ga ruwa, aka kuma san jimillar abin da za a biya kafin kwabo ya fita daga aljihu.

Lokacin tafiya shi ne farkon abin da ke yanke farashi. A Turai, Yuli da Agusta watannin rana ne, kuma a nan ɗakunan bakin teku suke kai ƙololuwar tsada. A Najeriya waɗannan watanni su ne na dogon hutun makaranta, amma tsakiyar damina ce. Legas tana shan ruwa mafi yawa a Yuni da farkon Yuli, titunan Lekki da Ajah su cika, sannan sama ta ɗan tsagaita a cikin Agusta kafin ruwan Satumba. Kalaba da Akwa Ibom sun ma fi Legas ruwa. Disamba ce ke da sararin sama, kuma ita ce ke da tsada: bikin Kalaba da aka fara a 2004 yana cika garin tsawon wata, Legas kuma tana cika da mazauna Ingila da Amurka da suka dawo hutu da dala da fam a hannu. Ma'aikacin da ke karɓar albashi da naira, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000 a 2024, ba shi da dalilin shiga gasar ɗaki da waɗannan mutane. Agusta ce watansa. Ɗakuna suna da yawa, baƙi kaɗan ne, kuma mai otal yana sauraron tayi, musamman daga Litinin zuwa Alhamis ko idan za a yi kwana huɗu zuwa biyar a jere.

Sai dai arahar damina tana zuwa da nata sharaɗi. Bango yana jiƙa, katifa tana funfuna, tawul ba ya bushewa, sauro yana yawaita. Saboda haka mai tafiya a Agusta yana da tambayoyin da mai tafiya a Disamba ba ya buƙata. Shin ɗakin a bene yake ko a ƙasa? Titin gidan yana cika idan an yi ruwa? Da me ake busar da zanen gado ranar da babu rana?

Daga nan sai a fahimci abin da ke cikin kuɗin ɗaki. Babban kaso nasa wuta ce. A Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 a kowane ma'auni, kuma wanda ba ya wannan rukuni yana ƙona dizal ko fetur a janareta. Da wutar ake jan ruwa zuwa tanki, da ita ake wanki da guga, da ita fanka da na'urar sanyaya ɗaki suke juyawa. Idan aka ga ɗaki ya yi araha fiye da na maƙwabtansa, to a wani wuri aka rage, kuma yawanci a waɗannan wurare ne: janareta ba zai tashi ba sai ƙarfe bakwai na yamma, a kashe shi tsakar dare, tanki ya ƙare da asuba, zanen gado ya yi baƙo biyu kafin ya ga sabulu. Araha ba ta ado. Wannan ba ya nufin a guji ɗaki mai sauƙi. Yana nufin a tambayi sa'o'in wuta ƙarara, daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, a kuma sa mai wurin ya rubuto amsar a waya.

Akwai kuma abin da ba a rubutawa a allon talla. Harajin VAT kashi 7.5 ne cikin ɗari tun Fabrairun 2020, Jihar Legas kuma tana da nata harajin otal da gidajen abinci na kashi 5 tun dokar 2009. Ɗakin da aka ce naira 40,000 ne, alal misali, zai koma 45,000 idan ba a sa waɗannan a ciki ba, kafin wasu wuraren su ɗora kuɗin hidima. A kwana biyar, bambancin ya kai kuɗin motar yaro guda. Tambayar da ta dace gajeriya ce: nawa zan biya gaba ɗaya ranar fita?

Tsafta ita ce wurin da ya kamata a tsaya a daɗe, domin a nan aka fi yaudarar baƙo. Mutane suna auna ta da ido: tayil mai sheƙi, labule sabo, talabijin a bango. A bakin teku, tsafta maganar ruwa ce kafin komai. A yankin Lekki da Ajah ruwan rijiyar burtsatse sau da yawa yana fitowa da gishiri ko da launin tsatsa da wari, sai an tace shi ko an sayo na tanka. Ƙasar kuma tana da ruwa kusa da sama, don haka idan damina ta yi ƙarfi, masai da kwata suna iya haɗuwa da rijiya. A Yunin 2024 gwamnatin Legas ta sanar da ɓarkewar kwalara, kuma unguwannin tsibirin Legas suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Otal ɗin da ba shi da ruwa mai kyau da yawa ba zai iya zama mai tsafta ba ko da ma'aikatansa goma ne, domin da wannan ruwan za a wanke bandaki, da shi za a wanke kwanon da yaro zai ci abinci.

Dubawar ba ta wuce minti goma. A murɗa famfo a tari ruwan a farin bokiti, a duba launinsa, a shaƙi warinsa. A kora bandaki a ga ko yana tafiya. A yaye zanen gado a ɗaga gefen katifa, a duba ɗinkinta da kusurwar gadon: ɗigo-ɗigon baƙi alamar kuɗin cizo ce, kuma kuɗin cizo yana shiga jaka ya biyo mutum har Sabon Tasha. A duba ragar taga ko ta yage. A tsaya a ɗakin a rufe ƙofa na ɗan lokaci, domin turaren da aka fesa yana gushewa, warin danshi ya fito. A leƙa bayan ginin inda ake zuba shara da inda ake shanya, don wurin da baƙo ba ya zuwa shi ke nuna halin gida. A gwada sakatar ƙofa.

Masu cewa barci kawai za a yi suna da hujjar da ke aiki ga saurayi ɗaya da jakarsa a baya. Ba ta aiki ga uwa mai goyo. Iyali ba sa yini a bakin ruwa daga safe zuwa dare, balle a damina, lokacin da hadari zai iya tsare su a ɗaki rabin yini. A ɗakin za a yi wa yara wanka, a nan za a dama kunu, a nan za a shanya kaya. Gudawa ɗaya a rana ta biyu ta isa ta cinye hutun gaba ɗaya, ta kuma cinye abin da aka rage a kuɗin ɗaki a kantin magani. To ina arahar take?

Masu cewa a biya mai tsada su ma ba su tsira ba. Kusa da ruwa, babban abin da ake biya shi ne fili da kallo. Iskar gishiri tana cin ƙarfe da fenti da na'urori, kuma wurin da ba a kula da shi yana lalacewa cikin 'yan shekaru alhali hotonsa na ranar buɗewa yana nan a intanet, farashinsa bai sauka ba. Ƙaramin gidan baƙi mai ɗaki takwas da mai shi ke kwana a ciki sau da yawa ya fi katafaren gini da aka bar wa manaja.

Wurin da masaukin yake shi ne lissafi na gaba, kuma a nan ana buƙatar sanin ƙasa. Bar Beach da iyaye suka sani babu ita, an cike wurin an gina Eko Atlantic. A Afrilun 2024 an rushe wani ɓangare na wurin shaƙatawa na Landmark saboda babbar hanyar gaɓar teku ta Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kimanin kilomita 700. Wuraren da suka rage a Lekki, irin su Elegushi, ana biyan kuɗin shiga kowane kai, Tarkwa Bay kuma sai da jirgin ruwa. Wanda ya kama ɗaki mai sauƙi a Agege ko Ikeja da niyyar zuwa Lekki kullum zai mayar da abin da ya rage ga direbobi, ya kuma ƙarar da hutunsa a cunkoso. Mafita ita ce a zaɓi garin da teku da kasuwa da masauki suke kusa da juna. Badagry misali ce mai kyau. Rayuwa a can ta fi ta tsibirin Legas sauƙi, kuma garin yana da abin nuna wa yara ranar da ruwa ya hana zuwa yashi: wurin da aka yi bikin Kirsimeti na 1842, gidan benen mishan na 1845, da tsibirin Gberefu inda aka riƙa fitar da bayi zuwa jirage. Wanda ya bi hanyar Kafanchan kuwa ya sani Kalaba a bakin kogi take, ba ta da yashin teku irin na hoto. Mai neman wannan sai ya ƙarasa Ibeno a Akwa Ibom, ya nemi masauki a Eket ko kusa da ita.

Abu ɗaya a gefe, amma ya fi kuɗin ɗaki muhimmanci: yaron da ya koyi iyo a kogin Kaduna ko a rafin ƙauyensu bai san Atlantika ba. Igiyarta tana ja ta ƙasa, kuma ta fi haukacewa a damina. Masauki mai ƙofa a kan yashi yana buƙatar ido a kan yara dare da rana.

Ta yaya ake samun wurin tun daga Kaduna? Yau da waya ake farawa. Shafuka irin su Booking.com, Hotels.ng da Airbnb suna da amfani guda babba: bayanan waɗanda suka riga suka kwana. A fara da mafi muni, a kuma duba na watannin baya-bayan nan. Idan mutum uku da ba su san juna ba suka ambaci ruwa ko ƙwari, magana ta ƙare. Haɗarin ya fi yawa a Instagram da WhatsApp, inda ake tallar gidajen haya na 'yan kwanaki. Irin waɗannan gidaje suna iya zama mafi sauƙi ga iyali mai mutum shida ko ga iyalai biyu da suka haɗa kuɗi, saboda akwai kicin, kuma buhun acca ko garin masara da busasshiyar kuɓewa da aka taho da su daga gida suna rage kuɗin abinci sosai. Amma a nan 'yan damfara suka fi kafa tarko: a ɗauki hoton gidan wani, a karya farashi, a ce saura ɗaya, a nemi kafin alƙalami a asusun mutum. Ko a wurin masu gaskiya, akwai kuɗin ajiya da ake riƙewa saboda ɓarna, wanda dawo da shi kan zama rigima, akwai kuma mitar wuta da baƙo zai riƙa sa wa kati. Duk wannan a rubuta shi tun farko. Hoto kyan ɗan maciji ne. Mafi ƙarancin abin da za a nema shi ne kiran bidiyo kai tsaye, mai gidan ya fito titi ya nuna lamba, ya koma ya buɗe famfo ana kallo.

Saura hujja mafi ƙarfi, ta masu cewa a sauka gidan ɗan'uwa. Ba abin rainawa ba ce. Mutanen kudancin Kaduna suna da yawa a Legas da Fatakwal, a barikokin soja da na 'yan sanda, a kamfanoni, a cocin ECWA da Katolika da Baptist masu sujada da Hausa. Ƙin sauka gidan yaya ko kawu ana iya ɗaukarsa girman kai. Amma a dubi gidan da za a sauka. Yawancin ma'aikatan Legas ɗaki da falo gare su, wasu ɗaki ɗaya, bandaki na haɗaka, ruwa na saye. Mutum shida suka sauka kwana biyar, wa zai ɗauki nauyin? Matar gida ce, wadda za ta tashi da asuba ta dafa, ta bar gadonta, ta yi murmushi. Mai gida ba zai ce komai ba, zai ci bashi. An ce baƙo raɓa ne, kuma raɓa ba ta kwana biyar. Ziyarar yini guda da tsaraba a hannu tana raya zumunci fiye da mako guda na matsi.

Amfanin ɗan'uwa na gaske yana wani wuri: a idonsa. Da ɗan gari akan ci gari, kuma wannan tsohon tsari ne da ƙasar Hausa ta gina kasuwancinta a kai. A da, fataken da ke zuwa Gwanja neman goro ba sa sauka a inda suka ga dama. A Salaga, a zangon Kumasi, a Sabo ta Ibadan da aka kafa a 1916, a Agege, kowane baƙo yana da mai masauki: shi ke ba shi ɗaki, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan ciniki ya lalace. Wani masani mai suna Abner Cohen ya bayyana yadda wannan ke aiki a Sabo a littafinsa na 1969. Jarin mai masauki sunansa ne, domin idan ya ci amanar baƙo ɗaya labari zai riga shi isa Kano. Abin da ya sa tsarin ya yi aiki shi ne akwai wanda za a kama. Shi ne kuma abin da babu a lambar waya da aka tsinta a talla.

Saboda haka a tura wa ɗan'uwan kuɗin mota, a roƙe shi ya je ya duba wuri biyu ko uku, da jerin abubuwan da aka ambata a sama. Wanda ba shi da ɗan'uwa yana da reshen ƙungiyar garinsu, ta Bajju ko Atyap ko Ham ko Adara, yana da fasto ko limami, yana da fadar Sarkin Hausawa a Agege ko Idi-Araba. Ta wannan hanya ake jin labarin gidajen baƙi na coci da na makarantu, waɗanda ba sa talla. Yawanci ba su da ƙawa, suna rufe ƙofa da wuri, ba a shan giya, amma ana wanke su kuma farashinsu a rubuce yake. Matsalarsu ɗaya: tarurrukan Agusta suna cika su, sai an kama wuri da wuri.

Wani zai ce ɗan gari ma mutum ne, yana iya kai ka wurin abokinsa don ya sami la'ada, ko kuma abin da ya ɗauka tsafta ya saɓa da naka. Gaskiya ne. Shi ya sa ba a tambayarsa ko wurin yana da kyau, ana tambayarsa launin ruwa da sa'o'in wuta da halin katifa, abubuwan da amsarsu ba ta da kwana-kwana. Shi ya sa kuma ba a biyan kwana biyar gaba ɗaya. A biya dare ɗaya, da rasit, a asusun da ke ɗauke da sunan wurin. Idan gari ya waye lafiya a ƙara. A kuma riƙe lambar wuri na biyu, gida biyu maganin gobara.

Masu duban Kwatano da Lome suna da dalili. Teku a cikin gari take, bakin ruwan Fidjrossè ba shi da nisa da tsakiyar Kwatano, akwai unguwar Zongo inda Hausa ke ci, kuma ɗan ƙasar ECOWAS ba ya buƙatar biza. Sai dai sefa a ɗaure take da yuro, naira kuwa ta faɗi ƙwarai tun da aka sake ta a Yunin 2023. Lissafin da aka yi shekaru biyar baya ba ya aiki. A ƙara kuɗin fasfo ko takardar tafiya ga kowane yaro, da katin rigakafin shawara, kafin a yanke.

Duk wannan wahala ta faɗo kan baƙo ne saboda wanda ya kamata ya duba ba ya dubawa. A 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da ta haɗa gwamnatin tarayya da Jihar Legas cewa rajista da sa ido kan otal-otal hurumin jihohi ne. Jihohi sun riƙe ɓangaren karɓar kuɗi da kyau. Ina ɓangaren dubawa? Taurarin da ake gani a allunan otal da yawa mai wurin ne ya ba kansa. Ƙananan hukumomi suna da jami'an tsaftar muhalli, magadan duba-gari da tsofaffi suke tunawa, kuma doka ta ba su ikon shiga. Abin da ake buƙata ba shi da wuya: a gwada ruwa, a duba bandaki da kicin, a manna takarda mai kwanan wata a ƙofar shiga inda kowane baƙo zai gani. Masu otal za su ce wannan wata sabuwar ƙofar cin hanci ce, kuma tsoronsu yana da tushe, domin harajin da ke kansu ya riga ya yi yawa. Maganin shi ne dubawa ɗaya a shekara, kuɗinta sananne, sakamakonta a bainar jama'a. Mai wurin da ke kashe kuɗi a kan ruwa da wanki shi zai fi kowa cin riba, don yau babu abin da ke raba shi da maƙwabcinsa a idon mai kallo daga Kaduna.

Wannan magana ba ta tsaya a bakin teku ba. A ƙarshen Disamba hanyar tana juyawa, kudancin Kaduna ya zama mai karɓar baƙi. Bikin Afan a Kagoro ranar 1 ga Janairu yana cika Kagoro da Kafanchan, ana zuwa kallon ruwan Matsirga da hawan dutsen Kagoro, a lokacin Ista kuma bikin Tuk Ham yana cika Kwoi. Mai zuwa daga Legas ko Abuja da abokan aikinsa yana yin tambayoyin nan guda: akwai ruwa, akwai wuta, nawa ne gaba ɗaya? Ƙananan hukumomin Jema'a da Kaura da Jaba suna da ikon duba gidajen baƙin da ke ƙasarsu tun watan Nuwamba, kwamitocin bukukuwan kuma suna iya fitar da sunayen waɗanda suka tsallake, da farashinsu da lambar wurin, tare da jadawalin biki.